Dabinon da Ya Kusa Kayar da Muhandis Haruna

Tun ranar da na dawo ban sha shayi da zafinsa ba. Da na zauna a gahawar Ammu Sale, shagon shayinmu na nan Jidda, kafin in kai kofi baki wani ya jawo kujera: "Ya Idris, wai da gaske ne ka kusa kayar da gwamnatin Amurka?" Na ba mutanen unguwar Karantina labari, na ba na Nuzla, har wani mai gyaran rediyo ya taso musamman daga Sa'alaba. Kowa kuma in ya tashi sai ya ƙara gishiri. Jiya na ji an ce wai wata uku na yi a ɗaure. To, ga shi na rubuta, kowa ya karanta ya bar ni da shayina. Ban kusa kayar da gwamnati ba. Mutum ɗaya na kusa kayarwa, shi ma abokina ne, kuma da dabino.

Waɗanda suka yi aikin shimfiɗa bututun ruwa a Nuzla shekara goma da suka wuce sun san Muhandis Haruna. Sunansa na yanka Haruo, mu ne muka gyara masa. Injiniyan kamfani ne, gajere mai tabarau, ba ya tsayawa a inuwa yana nuni da yatsa, cikin rami za ka same shi. Leburori suna ce masa Ɗan Sin, ya ce shi Ba'amurke ne, a fashe da dariya. Iyayensa ne suka fito daga Japan, shi kuwa a wata gona a yammacin Amurka aka haife shi. Ni ne mai haɗa masa bututu shekara shida, a bakinsa na tsinci ɗan Turancin da nake fama da shi. Wata rana rami ya rufta da shi har ƙirji, muka tone shi da hannu. Yana tofar da ƙasa ya ce lallai wata rana sai na je na ga garinsu. Na ce in sha Allahu, irin wanda ake faɗa wa mai zazzaɓi.

Ya koma gida, wasiƙa ba ta yanke ba. Na ji ya shiga majalisar garinsu saboda rigimar ruwa, daga nan aka zaɓe shi majalisar dokoki ta jiharsu, don can kowace jiha da majalisarta. Bana kafin azumi sai ga wasiƙa da tikitin jirgi a ciki. Ya ce wa'adinsa ya ƙare, zai sake tsayawa, in zo in ga yadda ake yi.

Takardu suka cinye mini wata guda. A Karantina aka haife ni, babana ma a Jidda aka haife shi, kakana ne ya tako da ƙafa daga Kano shekara bakwai yana hanya. Amma fasfona na Nijeriya ne, ƙasar da ban taɓa gani ba sai a jikin kalanda. Na sabunta iƙama, wato takardar izinin zama, na bi kafilina, ɗan ƙasar da ya tsaya mini, har gida sau uku kafin ya sa hannu a bizar fita da dawowa. Da ya sa, ya dube ni ya ce, "Amurka? Kai? Yalla, Allah ya kiyaye Amurka."

Uwargida Sa'adiyya ce ta haɗa kaya. Na shigo na tarar da manyan gwangwanaye huɗu cike da dabinon Madina, an liƙe bakinsu.

"Wannan duk na wa?"

"Gidan ɗan majalisa za ka, ya Abu Usama. So kake ka shiga hannu rabbana a ce Takarun Jidda ba su da tarbiyya? Wallahi da jirgi zai ɗauki rago da na sa maka."

Ni ma a raina fada nake hange: ƙofa mai masu gadi, motoci jere, mutane zube a ƙasa suna jiran a sallame su. Har sabon tob na ɗinka, farar rigarmu ta nan, na sayi kwat na ɗora a kai.

Bayan ƙaramar salla da mako guda na tashi. Jirgi ya sauka Bairut, ya sauka London. A London sanyi ya kama ni ta yatsun ƙafa, don da silifa na fito. Ina zaune ina rawar ɗari ina ambaton uwata da Hausa, sai wani ƙato a kusa da ni ya juyo ya ce, "Malam, lafiya?" Bahaushen Kumasi ne, ma'aikacin jirgin ruwa. Muka rungume juna kamar tare aka yaye mu. Da na yi magana kaɗan sai ya riƙe ciki: wai Hausata ta kakanni ce aka jiƙa ta da Larabci. Na ce tasa kuwa Turanci ya ci rabinta. Ya buɗe jaka ya ba ni safa mai kauri, ja wur. Haka na shiga Amurka, farin tob, baƙin kwat, jar safa cikin silifa.

A kan teku rana ta ƙi faɗuwa. Agogona ya ce magariba ta wuce, taga ta ce la'asar da saura. Na yi sallolina a zaune, na bar wa Allah lissafin. Abincin da aka kawo kuwa ban san asalinsa ba, burodi kawai na ci da dabino daga aljihu.

A New York mai duba fasfo ya buɗe, ya dube ni, ya sake dubawa.

"Ina aka haife ka?"

"Jidda."

"Fasfon na Nijeriya ne. Ina ne adireshinka a Nijeriya?"

"Ban taɓa zuwa ba."

Ya ajiye biro. "To kai ɗan ina ne?"

Na fara masa tun daga kakana da jakinsa, ina cikin ƙetare Sudan ya ɗaga hannu ya kira abokin aikinsa. Wasiƙar Muhandis mai tambarin majalisa ce ta cece ni. Wurin kwastan kuma aka sa na buɗe gwangwanayen duka huɗu. Mutumin ya sunsuna, na ga ya haɗiye yawu da idona. Na cika hannu na miƙa masa. Sai ya ja da baya ya ɗaga hannaye biyu, ya ce ba a yarda su karɓi komai ba, ko ƙwaya ɗaya. Na ce a raina wannan bawan Allah girman kai gare shi. Da ina da wayo, da tun nan na gane ƙasar da na shigo.

Wani jirgin ya sake kwasa ta awa biyar zuwa yamma. Na sauko ina neman direba mai hula, sai na ji an ce da Hausa, "Sannu da aiki!" Ita ce Hausar da ya iya tun da, ita yake yi wa kowa ko a wurin jana'iza. Muhandis ne da kansa, furfura ta fito, tabarau na nan. Ya fizge jakata ya saɓa a kafaɗa. Na ce, "Ya Muhandis, haram! Ɗan majalisa da kaya?" Ya ce in na ga wani da zai ɗauka in nuna masa. Motarsa ta girmi ta Ammu Sale, kujerar baya cike da takardu masu hotonsa, sai a kansu na ɗora gwangwanayen.

Fadar da na hango gidan katako ce mai ɗaki huɗu. Mai gadinta wata tsohuwa ce 'yar ƙarama, da ta tsaya a ƙofa ta dubi ƙafafuna. Na cire silifa tun kafin a ce mini. Sai fuskarta ta washe, ta rusuna, na rusuna, ta ƙara rusunawa, na ƙara, da Muhandis bai raba mu ba da har yanzu muna nan. Mahaifiyarsa ce. Tun ranar nake ce mata Inna, ita kuma ta ce mini Idirisu-san. Turancinta karyayye, nawa gurgu, muka fahimci juna fiye da kowa a gidan.

Abinci dai sai haƙuri. Shinkafa fara fat, ba mai ba miya, a ci da tsinke biyu. Kifi ɗanye. Mu da muke bakin Bahar Maliya tun kakanni ba mu taɓa wannan ganganci ba. Shayi kore, ba sukari. Na ci don kunyar Inna, daga baya har ƙari nake nema, amma kada wanda ya gaya wa Sa'adiyya. Bayan an gama sai ɗan majalisa guda ya naɗe hannun riga ya hau wanke kwanoni, matarsa malamar makaranta tana zaune tana duba littattafan ɗalibai. Na rasa inda zan sa idona. Da na shiga ɗakin da aka ba ni kuwa, sai na ga kibiya a bango. Ashe Muhandis ya auna alƙibla da kayan aikinsa ya zana mini tun kafin in iso. Nan ƙwalla ta zo mini, ba zan ɓoye ba.

Da hantsi in kowa ya fita, ni da Inna muke zama a kicin. Ita ta ba ni labarin ɗanta. Yana ɗan shekara goma sha biyu yaƙi ya ɓarke da Japan, aka ce duk mai irin fuskarsu ya tattara. Aka zuba su a jirgin ƙasa da akwati ɗai-ɗai zuwa wani sansani cikin hamada, waya kewaye. Shekara uku suka yi. Famfo ɗaya ne a layinsu, Haruna ke bin layi da bokiti tun asuba. Ta ce tun daga nan ba shi da zance sai ruwa. Yanzu ma dokar da ya sa gaba a majalisa ita ce a kai ruwan famfo bukkokin masu aikin gona, waɗanda suke sha daga kwatar ban-ruwa. An yi rabi, saura rabi. In ya faɗi zaɓe, dokar ta mutu tare da kujerarsa.

Abokin takararsa dillalin motoci ne, dogo mai haƙoran talla. Ga shi kuma mutanen can suna cike da haushin ƙasashen mai, saboda layin fetur da suka sha bara. Wadda ke jan ragamar kamfen ɗin Muhandis wata mata ce, Misis Kati, mai fensir a bayan kunne, ba ta tafiya sai gudu. Da ta gan ni cikin tob sai da fensirin ya faɗi. Ta ce ko zan taimaka in sa wando. Muhandis ya ce baƙonsa zai sa abin da ya ga dama.

Na bi shi neman ƙuri'a kwana uku. Jama'a, ban taɓa ganin wahala irin wannan ba. Babu maroƙi, babu ganga, babu tuwo. Babban mutum ne zai bi gida gida da ƙafa, ya ƙwanƙwasa, kare ya yi masa haushi, a buɗe ƙofa rabi. Ba bismilla, ba ruwa. A tsaye zai yi bayaninsa, ya miƙa takarda mai hotonsa, a rufe. Wani ma ya ce masa ya iya Turanci da kyau, a ina ya koya? Muhandis ya ce a makarantar da ke bayan gidan mutumin. Ya faɗa yana murmushi, ni kuwa na san wannan murmushin, nakan yi shi a Jidda.

Amma abin da ya fi ci mini rai daban ne. Na same Inna a kicin na ce, "Inna, mutum ya je gidan mutane da buƙata, hannunsa ba komai sai hoton kansa? A wurinmu abin kunya ne."

Ta buga tebur da tafin hannu. "Kunya! Tun zaɓen farko nake gaya masa. A wurinmu ko gidan maƙwabci ba a shiga haka. Ba ya ji."

Idonmu ya sauka kan gwangwanayen tare. Ta tashi ta ɗauko farar takarda da jan zare.

Ku da kuka san yadda ake ƙulla goro a gidan biki, ba ku ga komai ba. Dabino bakwai-bakwai Inna take jerawa, ta naɗe, ta karya kusurwa, ta ɗaure, ni kuma in soke hoton Muhandis a ƙarƙashin zaren. Ranar Asabar Muhandis ya tafi gidan rediyo, Misis Kati ta ba mu unguwa guda mu raba takardu. Muka fita da kwando, tsohuwa 'yar Japan da Batakure mai jar safa. Gida arba'in da ɗaya muka shiga. Ƙofofin da ake buɗewa rabi suka buɗe gaba ɗaya. Wata ta ba mu kujera, wani ya ɗauke mu hoto, ni har gyara kwat na yi. Wani manomi ya ce ai su ma suna noma dabino a kudancin jihar, na ce ya ɗanɗana wannan tukuna. Ya ɗanɗana ya lumshe ido.

Gida na ƙarshe ba ya cikin takardarmu, Inna ce ta ja ni. Yana bakin gari, bishiyoyin tuffa a bayansa. Wani dattijo mai ɗingishi ya buɗe, ya dube ta, ya dube ni, fuska a murtuke. Ta miƙa da hannu biyu. Ya karɓa, ya rufe. Ta daɗe a rusune gaban rufaffiyar ƙofa. Na tambaye ta, ta ce mu tafi gida.

Muka dawo muna rangaji, mun ƙulla ba za mu faɗa wa kowa ba sai an ci zaɓe a zo ana yi mana godiya.

Ranar Litinin da safe Misis Kati ta faɗo gidan ko takalmi ba ta cire ba, ta shimfiɗa jarida kan tebur. Ga ni nan a shafin farko, ina washe baki, kwando a hannu. Ashe mai ɗaukar hoton nan ɗan uwan dillalin motoci ne. Muhandis ya karanta mini a hankali: wai ɗan majalisa ya kawo attajirin mai daga ƙasar Larabawa yana sayen ƙuri'u da kyauta.

Attajirin mai! Ni da ko keke sai na aro. Na fara dariya, na ga ni kaɗai nake yi.

Misis Kati ta yi mini bayani tana haɗa haƙora. A dokarsu, ɗan takara ko mutanensa ba sa ba mai zaɓe komai tare da neman ƙuri'arsa. Ko dabino bakwai ne. Za a iya kai ƙara, kuma ko ba a kai ba, saura kwana takwas zaɓe, mutane sun riga sun gani. Sai a lokacin na tuna mutumin kwastan da hannayensa biyu a sama. Na ƙetare teku biyu don in rushe wa mutum aikin shekaru, in bar masu aikin gona da ruwan kwata.

Ta ce hanya ɗaya ce. A fitar da sanarwa cewa wani baƙo ne da bai san ƙasar ba ya yi, ba da sanin kowa ba, a sa ni a jirgin gobe. Na miƙe na ce, "Halas, shi ke nan, ya Muhandis. Gaskiya ta faɗa. Bari in haɗa kayana."

Inna ce ta riƙe mini hannun riga. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ita an taɓa ba ta kwana shida ta haɗa akwati ɗaya, don wasu sun ga hakan ya fi musu sauƙi. Ba za a haɗa wa kowa akwati a gidanta ba. Kuma zaren nata ne, ɗaurin nata ne, in jirgi za a sa mutum to a sayi tikiti biyu.

Muhandis ya cire tabarau ya goge, ya daɗe yana gogewa. Sannan ya ce, "Tayyib. Abin da aka bayar ba daidai ba, sai a je a karɓo. Mu uku, gida gida."

Ni da Inna muka dubi juna. Karɓo kyauta! Wallahi da ɗaurin wata ukun nan da kuke faɗa aka yanke mini da ya fi mini sauƙi. A Karantina ko yara ba sa yin haka. Inna kuwa har launin fuskarta ya sauya. Amma muka ɗauki kwandon, wannan karon ba komai a ciki.

A kowace ƙofa Muhandis yakan ce, "Wannan mahaifiyata ce, wannan abokina ne da ya taɓa tono ni daga rami. A inda suka tashi ba a zuwa gidan mutum hannu wofi. A nan doka ta hana, laifin nawa ne da ban gaya musu ba. Mun zo karɓa. Ku zaɓi wanda kuka ga dama."

Gida na farko matar ta rufe baki da hannu, ta ce ai sun cinye tun ranar. Ta shiga ta dawo da ƙwallayen dabino bakwai a faranti, ta ce ko waɗannan za su yi? Misis Kati, da ta biyo mu da littafi don shaida, ta ce a zuba. Haka aka fara. Kafin mu kai gida na goma labari ya riga mu, mutane suna tsaye a ƙofa da ƙwallaye a hannu suna dariya. Wani ya ce karensa ya haɗiye biyu, a ba shi kwana ɗaya. Manomin nan ya ce ya riga ya shuka nasa, in doka tana so ta zo ta tone. Wani kuma ya jefa mana ƙunshinsa daga taga ya ce mu bar masa fili. Ba duka ne suka yi dariya ba. Amma waɗanda suka yi sai su tsaya, su tambayi wane rami ne, daga rami a faɗa zancen ruwa. Muhandis bai taɓa samun masu sauraro haka ba. Ni dai aikina rusunawa da riƙe kwando, kunya tana cina ina dariya.

Rana ta biyu da la'asar muka iso gidan tuffa. Dattijon ya fito da ƙunshin a hannu, ko zaren bai kwance ba. A hanya Misis Kati ta raɗa mini cewa a yaƙin Japan ya samu ɗingishin nan. Ya dubi Muhandis ya ce, "Kai dai har yau ban san ko ɗan ina ne kai ba."

Muhandis ya nuna bayan bishiyoyin. "Ka ga inda rumbun can yake? Nan aka haife ni. Gonarmu ce kafin yaƙi."

Ya miƙa hannu zai karɓi ƙunshin, sai Inna ta buge hannun, kamar yadda ake yi wa yaro ya kai hannu wuta. Ta matsa gaban dattijon. Ta ce ranar da aka kai su tashar jirgin ƙasa, duk garin ba wanda ya leƙo sai mace ɗaya. Ta zo da tuffa cike da zanen gabanta, ta miƙa ta taga, soja yana yi mata tsawa. "Mahaifiyarka ce. Da muka dawo ta riga ta rasu. Shekara talatin ina wuce ƙofar nan ban sami abin da ya isa in kawo ba, sai da wannan dabino ya zo daga garin Annabinsu." Ta zare hoton ɗanta daga ƙarƙashin zaren ta jefa a kwandona. "Wannan ba na ɗan majalisa ba ne. Nawa ne. Ba zan karɓa ba, a kira 'yan sanda."

Dattijon ya tsaya yana kallon ƙunshin. Can ya ce, "Ni fa ba zan zaɓe shi ba."

Misis Kati ta yi farat ta ce, "Madalla! Ka maimaita in rubuta. In ba za ka zaɓe shi ba, ai ba sayen ƙuri'a ba ne." Ban san wanda ya fara dariya ba, amma har dattijon sai da kafaɗarsa ta motsa. Inna kuwa hawaye take yi tana rusunawa.

Ba a kai ƙara ba. Jaridar ta sake buga hotona, wannan karon ina riƙe da kwandon ƙwallaye, an sauke ni daga attajiri zuwa mai gyaran famfo. Amma ba wanda ya san inda zaɓen zai faɗa. Ranar Talatar zaɓen na kasa cin ko shinkafa. Na yi isha na kwanta na ja bargo har kai, na ce in an faɗi kada a tashe ni. Da asuba ina sallame salla na ji ana ƙwanƙwasa ƙofa a hankali. Inna ce da tire, shayi kore a kai, ta zuba masa sukari cokali uku saboda ni. Ta ce, "Idirisu-san. Ruwa zai je."

Da kyar ya tsallake, tazarar ba ta fi mutanen layi biyu na masallacin Juma'a ba. Na fita tsakar gida da jar safata ina juyi ina kabbara, maƙwabta suna leƙe. Muhandis ya fito da rigar barci yana ce wa kowa, "Sannu da aiki! Sannu da aiki!" Karo na farko ke nan da ya faɗe ta a inda ta dace.

Kafin in taho ya kai ni babban birnin jihar, ya shigar da ni zauren majalisa ba kowa a ciki. Kujerar da muka sha wannan wahala dominta 'yar ƙarama ce, tebur ɗinta bai kai na mai sayar da balila, dafaffen waken nan, ba. Ya zaunar da ni a kai. Sannan ya buɗe jaka ya fito da kwalba cike da ƙwallayen dabino, Inna ta wanke su ta shanya, ya ajiye a kusurwar tebur. Ya ce nan za ta zauna har ranar da famfo na ƙarshe ya kawo ruwa.

Ranar tafiyata muka buɗe ƙofa muka tarar da akwatin tuffa a bakin matakala, ba takarda ba suna. Inna ta raba biyu ta cusa mini rabi a cikin gwangwanayen Sa'adiyya. Ku da kuka ci tuffa a gahawar Ammu Sale makon da na dawo kuna cewa ta yi tsami, yanzu kun san ta wace gona ce.

Da muka sauka Jidda zafi ya rungume ni tun daga matakalar jirgi, na cire safa na sa a aljihu. Mai duba fasfo ya juya koren littafin nan, ya duba iƙama, ya yi mini tambayar da ake yi mini tun ina yaro: "Kai ɗan ina ne?" Da, sai in sunkuyar da kai in fara da kakana da jakinsa. Wannan karon na ɗaga hannu na nuna kudu ta taga, yadda na ga wani ya nuna bayan bishiyoyi.

Na ce, "Ka ga can, wajen Karantina? Nan aka haife ni."

Ya bi yatsana da kallo, ya dube ni, ya buga hatimi. Ya ce, "To, barka da dawowa gida. Yalla, na gaba."